Yadda Fim Ɗin Fatalwa Guda Ɗaya Zai Buɗe Maka Kunne Da Turanci

Na san da yawanku labarin sabon fim ko waƙar da ke tashe kuke nema, amma yau ku yi mini uzuri, wata dabara zan raba muku wadda ita ma ba ta fita daga harkar kallo ba. Dabarar ita ce yadda mutum zai ɗauki fim ɗin Turawa guda ɗaya, irin na fatalwa da abubuwan ban tsoro, ya mayar da shi malamin Turancinsa, ya ƙaru da kalmomi, kunnensa kuma ya saba da maganar masu harshen.

Kafin wani ya ce zancen shan shayi ne, mu fara duba gida. Duk wanda ya tashi a Kano ya san aƙalla mutum guda da yake jin Indiyanci, alhali ko hanyar Mumbai bai sani ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi a aji. Tun zamanin da iyayenmu ke cika sinimar Plaza da Orion da Eldorado, da Marhaba ta nan wajen Farm Centre, ake samun irinsu. Sun kalli fim ɗaya sau goma, sun haddace maganar jarumi da ta bos, tun suna kwaikwayo don raha har abin ya zauna a bakinsu. Ko a Kannywood ga Rahama Sadau nan, jin Indiyancinta sananne ne, har ta kai ga fitowa a Khuda Haafiz kashi na 2 a 2022.

Yanzu fassara ta zo, su Algaita sun sauƙaƙa mana, kana kwance jarumin Indiya zai yi maka Hausar Kano tsantsa. Abin da daɗi, ni ma ina kallo. Sai dai wanda kullum ake tauna masa a ba shi a baki, haƙoransa ba za su yi ƙwari ba. Kuma Turanci ya fi Indiyanci matsa mana lamba. Ba kiredit a Ingilishi, ba shiga jami'a. A jarrabawar JAMB, cikin tambaya 180 guda 60 na Ingilishi ne. A WAEC akwai takarda ta uku mai tambaya 60, duk a kan sautuka da furuci. Mai neman fita waje da IELTS kuwa zai amsa tambaya 40 na saurare, kuma sau ɗaya tak ake kunna masa maganar. Ban da intabiyu ta neman aiki, ban da kwastoman da zai kira ka daga Legas kana shago.

Me ya sa muke gane rubutu amma magana ta wuce mu?

A nan Ƙauyen Alu da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni, ina ganin samari da 'yan mata da za su karanta shafin jarida na Turanci su faɗa maka abin da ya ƙunsa, amma da an kunna fim ba fassara sai su ce “Baturen nan haɗiye magana yake yi.” Gaskiyarsu, haɗiyewa yake yi. Amma haɗiyewar tana da ƙa'ida, kuma ana koyon ta.

Mu da ido muka koyi Turanci, daga allo da littafi. Kalmar tana kanmu da siffar rubutunta, ba da sautinta ba. Ga abubuwa huɗu da suke sa ta kuɓuce mana idan aka furta.

Na farko, wasula. Hausa tana da guda biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin “ai” da “au”. Turancin Ingila yana da sautin wasali wajen 20. Saboda haka kalmomi biyu da suka sha bamban a kunnen Bature, mu sai mu ji su iri ɗaya.

Na biyu, nauyin gaɓa. A Hausa kowace gaɓa tana samun haƙƙinta, karin sauti ne ke hawa da sauka. A Turanci gaɓa ɗaya ake dannawa a kalma, sauran a sassauta su. Ƙananan kalmomi irin “to”, “of”, “and”, “can” da “was” kusan ɓacewa suke yi a tsakiyar jimla.

Na uku, haɗe kalmomi. “Did you see him?” a bakin Ba'amurke takan fito kamar “dija siyim”. “What do you want?” ta koma kamar “wadaya want”. “Going to” ta zama “gonna”, “want to” ta zama “wanna”. Duk kalmomin ka san su tun firamare, amma ba ka taɓa jin su a cure haka ba.

Na huɗu, rubutun Turanci ba ya bin furuci kamar namu. A “ghost” ba a furta h, a “tomb” ba a furta b, a “psychologist” ba a furta p, a “listen” ba a furta t.

Ka ga ke nan matsalar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. Kunne ne bai samu aikin yi ba, kuma littafi ba zai iya ba shi wannan aikin ba.

To don me sai fim ɗin fatalwa?

Na gwada nau'o'in fina-finai da yawa a wannan hanya, kuma na ga kowanne da halinsa. Fim ɗin faɗa rabinsa harbi ne da fashewar motoci, maganar ciki gajera ce, ana yin ta cikin haki da ihu. Fim ɗin barkwanci ya dogara da zaurance da habaicin da sai ɗan ƙasar ne zai gane, kamar dai ka ba Bature fim ɗin marigayi Ibro ka ce ya koyi Hausa da shi. Fim ɗin kimiyya cike yake da kalmomin da ba za ka taɓa buƙata a rayuwa ba.

Fim ɗin fatalwa mai natsuwa, wanda ba na yanka da zubar da jini ba, yana da wasu siffofi da suka dace da mai koyo. Jaruman ba su da yawa, don haka kunnenka zai saba da muryoyi huɗu ko biyar kawai. Yawanci a gida ɗaya ake labarin, kalmomin kuma na gida ne: ƙofa, labule, fitila, ɗaki, makulli, uwa, ɗa. Darakta yana buƙatar shiru don ya tsorata ka, saboda haka ba kiɗan da zai danne magana. Mai jin tsoro a hankali yake magana, da gajerun jimloli, kuma yakan maimaita. Uwa uba, tsoro yana riƙe hankali. Ba ka taɓa ganin wanda ake nuna ƙofa tana buɗe kanta ya koma duba WhatsApp ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne raɗa. Irin waɗannan fina-finai ana yawan magana ƙasa-ƙasa, kuma lasifikar waya ba za ta fitar da ita ba, balle ana hayaniyar adaidaita sahu a waje. Sai da iyafis. Ba sai mai tsada ba, na Farm Centre ma ya wadatar.

Fim ɗin da nake ba da shawara a fara da shi

Sunansa The Sixth Sense, ya fito a watan Agusta 1999. Wanda ya rubuta ya kuma ba da umarni shi ne M. Night Shyamalan, haifaffen Indiya da ya tashi a Amurka, kuma in ka lura za ka gan shi ya ɗan fito a matsayin likita. Bruce Willis ne ya fito a Malcolm Crowe, likitan ƙwaƙwalwar yara a birnin Filadelfiya. Haley Joel Osment ya fito a Cole, yaro ɗan shekara 9 da yake ganin abin da sauran mutane ba sa gani, ya kuma kasa faɗa wa kowa, har mahaifiyarsa, wadda Toni Collette ta hau matsayinta. Tsawonsa minti 107. Ya samu shiga takarar Oscar a rukuni 6, ya tara sama da dala miliyan 670 a duniya, a shekarar Star Wars ne kaɗai ya fi shi ciniki.

Dalilina na zaɓar shi biyu ne. Ɗaya, yawancin fim ɗin hira ce tsakanin babba da yaro. Likita yana tambaya a hankali don kada yaron ya firgita, yaron yana amsawa da kalmomi masu sauƙi. Akwai wata fitowa da Malcolm ya ce za su yi wasa: zai faɗi abin da yake zaton yaron ke tunani, in ya canka daidai yaron ya matso taku ɗaya, in ya kuskure ya ja baya taku ɗaya. Jimla ɗaya, shiru, sai taku. Ko ba ka ji duk kalmomin ba, ƙafar yaron za ta faɗa maka ma'ana. Ban san wata fitowa da ta fi wannan dacewa da mai koyon saurare ba.

Biyu, ƙarshen fim ɗin. Ba zan faɗa ba, kuma don Allah wanda ya gani ya riƙe bakinsa. Abin da zan ce kawai, duk wanda ya kai ƙarshe sai ya ji yana son komawa farko ya sake duba kowace magana. Maimaici shi ne ginshiƙin wannan dabara, kuma ga fim da yake sa ka maimaita ba tare da an tilasta ka ba.

Kalma nawa ake buƙata?

Wasu masana biyu, Stuart Webb da Michael Rodgers, sun fitar da bincike a 2009 inda suka tattara rubutun maganganun fina-finai 318 na Amurka da Birtaniya, sama da awa 600 na kallo, kalmomi sama da miliyan 2.8, har da fina-finan ban tsoro a ciki. Sun gano cewa wanda ya san dangin kalmomi 3,000 da aka fi amfani da su, tare da sunayen mutane da wurare, ya san kusan kashi 96 cikin 100 na abin da ake faɗa. Wanda ya san 6,000 ya kai kashi 98. Dangin kalma na nufin uwar kalma da 'ya'yanta, kamar “believe”, “believed”, “belief” da “believer”, duk ɗaya ake ƙirga su.

In ka raba lissafin, kowane fim yana da kalma wajen 9,000, amma mafi yawansu maimaici ne. Wanda ya gama sakandare yana ɗan karatu, akwai yiwuwar ya riga ya san kaso mai tsoka na waɗannan 3,000 ɗin a rubuce. Aikinsa na farko shi ne ya haɗa kalmar da ya sani da sautinta. Sabbin kalmomi su ne aiki na biyu.

Maganar rubutun ƙasan allo

Sabtaitul nake nufi. Wane iri za ka sa? Nan ma akwai bincike. Holger Mitterer da James McQueen, su ma a 2009, sun sa ɗalibai 'yan ƙasar Holan sun kalli minti 25 na Turancin Sikotlan ko na Ostireliya, waɗanda lafazinsu ke da wuyar ji. Wasu an sa musu rubutu da Turanci, wasu da yarensu, wasu ba rubutu. Daga baya aka kunna musu maganganu aka ce su maimaita. Waɗanda suka kalla da rubutun Turanci su suka fi ƙoƙari, har a jimlolin da ba su taɓa ji ba. Masu rubutun yarensu kuwa, a sabbin jimloli sai suka koma baya.

Dalilin a fili yake. In rubutu da murya yare ɗaya ne, ido yana faɗa wa kunne “wannan sautin da ka ji, ga kalmarsa.” In yare biyu ne, ido ya tafi gabas, kunne ya tafi yamma. Don haka duk inda za ka samo fim ɗin, ko a manhajar biyan kuɗi ko wajen masu turawa, ka tabbatar da abu biyu: muryar asali ce ba fassara ba, kuma akwai rubutun Turanci. VLC da MX Player duk suna iya nemo rubutun a intanet, kuma ba ya cin data. In ka samu wanda aka yi wa alamar SDH, wato na masu lalurar ji, ya fi, domin har ƙarar abubuwa yake rubutawa. Daga nan za ka tsinci “creak” na kukan ƙofa, “whisper” na raɗa, “footsteps” na takun sawu, “gasp” na jan numfashin razana, “slam” na bugo ƙofa da ƙarfi.

Yadda ake yi, daki-daki

Ranar farko ka kalli fim ɗin gaba ɗaya da rubutun Turanci, kada ka tsayar, kada ka buɗe ƙamus. Ka ji tsoronka, ka ji daɗin labarinka. Abin da ake so ka san wane ne wane, da abin da ya faru.

Daga nan ka yanka shi gida 11, kowane kusan minti 10. Kowane zama gida ɗaya, kuma zaman ba zai wuce minti 40 ba. Ga tsarinsa:

1. Kashe rubutu, ka saurari minti goman. Ka lura da inda magana ta kuɓuce maka.
2. Kunna rubutu, ka sake kallo. Duk inda ka ga ashe kalmar ka san ta, sautinta ne ya ɓatar da kai, ka tariyo ka sake ji sau biyu ko uku. In maganar ta yi sauri, rage gudun zuwa 0.75, sannan ka mayar daidai.
3. Zaɓi kalma 10 kacal. Ka rubuta kowacce a ɗan littafi tare da jimlar da ta zo a ciki, da wanda ya faɗe ta, da ma'anarta da Hausa. Kalmar da aka rubuta ita kaɗai saurin gudu take yi, wadda aka ɗaure da jimla da fuskar mai magana tana zama.
4. Ɗauki minti ɗaya da ya fi burge ka. Kashe rubutu, ka rubuta abin da kake ji kalma bayan kalma, kamar shifta, sannan ka kunna rubutu ka gwada da naka. Nan za ka ga ainihin sautukan da kunnenka ke tsallakewa.
5. Wannan minti ɗayan dai, ka bi bakin jarumin da murya a sarari, da hawa da saukarsa, da inda ya danna da inda ya sassauta. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara.

Akwai wurin da shi kansa Malcolm ya ɗauko tsohon kaset na hirarsa da wani mara lafiya, ya tariyo, ya ƙara murya, ya sake tariyowa, har ya ji wani abu da shekara da shekaru bai ji ba. In ka zo wurin za ka yi dariya, don aikin da kake yi ke nan.

Kafin kowane sabon zama, ka ɗauki minti biyar ka rufe gefen Hausar littafinka ka gwada tuna kalmomin baya. Zama uku a mako, wata ɗaya ka gama fim, da kalma 110 a hannu. Fim 12 a shekara, kalma sama da 1,300, ban da ɗaruruwan da ka sani a rubuce yanzu kuma ka san su a kunne.

Wajen duba ma'ana, ƙamusun Cambridge da na Oxford na intanet kyauta ne, kuma kowace kalma akwai maɓallin jin furucin Ingila da na Amurka. In kana da tsohon ƙamus ɗin Neil Skinner na Turanci da Hausa a gida, kakkaɓe shi, yana da amfani.

Wace kalma ce ta cancanci shiga littafi?

Wani zai ce, to me zan yi da kalmomin fatalwa a intabiyu? Tambaya mai kyau. Amsar ita ce mafi yawan kalmomin fim ɗin na rayuwar yau da gobe ne: “patient”, “secret”, “divorce”, “funeral”, “anniversary”, “stutter”, “upset”, “proud”. Su za ka fi bai wa muhimmanci.

Su ma na tsoron suna da aiki a waje. “Possessed” a fim na nufin wanda iska ta shiga jikinsa, amma uwar kalmar “possess” mallaka ce, kuma “possession” ɗin da kake gani a allo ranar wasan Arsenal ita ce dai, wato riƙe ƙwallo. “Haunted house” gida ne da fatalwa ta addaba, amma jarida za ta rubuta cewa abin da ɗan siyasa ya faɗa bara ya dawo yana “haunting” ɗinsa, ma'ana ya hana shi sakat. “Spirit” ruhi ne, amma “team spirit” haɗin kan 'yan wasa ne. Duk kalmar da ka kama, ka nemi danginta: “die”, “dead”, “death”, “deadly”, “appear”, “disappear”, “appearance”.

Ka kula da matakan tsoro. Mu muna da ɗar-ɗar, da tsoro, da firgita, da razana. Su ma suna da “nervous”, “scared”, “frightened”, “terrified”, kuma fuskar jarumi za ta nuna maka wanne ya fi wanne nauyi fiye da yadda ƙamus zai yi. Ka kuma bambance “scared” da “scary”: na farko mai jin tsoro, na biyu abin da ke ba da tsoro. Wanda ya ce “I am scary” ya ce shi ne dodon.

Wani abin sha'awa, wasu kalmomin daga wajenmu suka je musu. “Ghoul” daga Larabci take, “jinn” kuma aljanun nan ne da muka sani. Amma kada ka ɗauka kowace kalma tana da takwararta daidai wa daida. “Witch” ta Turawa mai tsafi da siddabaru ce, ba lallai ta zama mayya mai kama kurwa irin ta labaranmu ba. “Ghost” a wurinsu ruhin mamaci ne da ya kasa tafiya. Mu kuwa mun san wanda ya mutu ba ya dawowa yawo a gari. Fim ƙirƙira ne, harshen muka zo ɗauka, mu bar musu tatsuniyarsu.

Sautukan da suka fi ba Bahaushe wahala

Kalmomin da muka aro sun tona mana asiri. “Primary” ta zama firamare, “driver” ta zama direba, “screwdriver” ta zama sukudireba. Ka ga mun mayar da p ta koma f, v ta koma b, mun kuma cusa wasali duk inda baƙaƙe suka cunkushe. A Hausa wannan daidai ne, haka harshenmu yake. A Turanci kuwa yana canza ma'ana, kuma sautin da bakinka bai bambance ba, da wuya kunnenka ya bambance shi.

Fim ɗin fatalwa cike yake da wuraren gwaji. Na p da f: “priest”, “pray”, “spirit” a gefe guda, “fear”, “funeral”, “coffin” a ɗaya gefen. P leɓɓa biyu ne suke haɗuwa su fashe, f haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Ka tsayar da hoton ka kalli bakin jarumin. Na v: “voice”, “grave”, “evil”. Na th, wanda mukan mayar s ko z: “death”, “breath”, “mother”. In ba ka sa harshe tsakanin haƙora ba, “faith” za ta koma “face”, “think” ta koma “sink”. Na cunkoson baƙaƙe: “ghosts”, “screams”, “strange”, “asked”.

Akwai inda muke da riba. Bahaushe ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ne kawai ya raba su. Wannan kunnen zai taimake ka ka raba “live” da “leave”, da “slip” da “sleep”. A fim ɗin fatalwa kuwa bambancin “zauna a gidan” da “fice daga gidan” ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan wannan, sai wanne?

Na biyu da zan ba ka shi ne The Others na 2001, wanda Alejandro Amenábar ɗan Sifen ya shirya. Nicole Kidman ta fito a Grace, uwa mai 'ya'ya biyu da hasken rana ke cutarwa, suna zaune a wani ƙaton gida a tsibirin Jersey a 1945, labule a sauke, kowace ƙofa a kulle. Turancin Ingila ne a nan, a tsanake, kuma shi ne ya fi kusa da wanda WAEC ke gina tambayoyin furuci a kai. Tsohuwar mai aikin gidan kuma lafazin Ayalan gare ta, ka samu ƙarin kunne. In ka gama biyun za ka ji da kanka yadda Ba'amurke ke furta r a ƙarshen “mother” da “door”, Baturen Ingila kuma ya bar ta, da yadda “can't” ke canzawa tsakaninsu. Duka biyun PG-13 aka ba su a Amurka, tsoronsu na natsuwa ne.

Na uku mu dawo gida Najeriya: The Figurine na Kunle Afolayan, 2009, da Ramsey Nouah da Omoni Oboli, labarin masu bautar ƙasa da suka tsinci wani gunki mai kawo shekara bakwai na sa'a da shekara bakwai na masifa. Shi ya ci gwarzon fim a gasar AMAA ta 2010. Turancin da ke ciki shi za ka fi haɗuwa da shi a sansanin bautar ƙasa da ofis. Mai ƙarfin zuciya zai iya ƙarawa da The Conjuring na James Wan, 2013, amma shi a Amurka ma na manya aka ware shi saboda tsananin firgitarwa, kuma ihu ya fi yawa a rabinsa na ƙarshe.

Iyakar dabarar

Fim ba zai koya maka rubuta insha'i ko wasiƙar neman aiki ba, wannan sai karatu da malami. Ba kuma duk abin da jarumi ya faɗa ake ɗauka ba. Akwai ashar, akwai maganar da aboki ne kawai ake yi wa. “Gonna” ta kunne ce da baki, kada ka kai ta takardar jarrabawa. In ƙamus ya sa wa kalma alamar “offensive” ko “slang”, ka san ta don ka gane, amma ka bar ta a nan.

Kada a kunna wa ƙananan yara, kada kuma a raba dare ana yi har asuba ta kuɓuce. Mai saurin firgita ya yi da rana, ba abin kunya ba ne. In da hali ku haɗu ku biyu ko uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu a nan unguwa mukan zauna bayan la'asar ranar da ba aiki, kowa ya yi shiftar minti ɗaya, a gwada a ga wa ya fi kamawa, sannan a raba matsayi, wannan ya zama likita, wancan ya zama yaron. Ana dariya, ana tsokanar juna, amma kowa yana buɗe baki, kuma kunyar buɗe bakin nan ita ta fi hana mu ci gaba.

Makon farko zai yi nauyi, minti goma za su zame maka kamar awa. Ka daure zuwa gida na biyar ko na shida, lokacin kunnenka ya san muryar Malcolm da ta Cole. In ka kammala gida 11, ka koma ka kalli fim ɗin daga farko ba rubutu ko ɗaya, ka ƙirga sau nawa ka buƙaci tariyowa. Wannan lambar ka rubuta ta a bangon littafinka, ita za ka gwada da ta fim na biyu.

Wanda ya gwada, Allah Ya ba da sa'a. Wanda kuma ya riga ya ga ƙarshen fim ɗin, na sake roƙo, a rufa wa na baya asiri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.